Kaset ɗin Marasa Mutuwa

A shekarun da makarantu suka fi zama a rufe, sana'ata surutu ce. Na gama lise, wato sakandare, ban samu inda zan cusa kaina ba. Malamai na yajin aiki, ma'aikata na yajin aiki, rediyo kuma kullum da sabuwar jam'iyya. Wani mai gidan bidiyo a Sabon Gari ya ji ina Faransanci a teburin mai shayi, ya ce in zo in riƙa zama gefen tele ina faɗa wa mutane abin da ƴan fim ke cewa. Na ce to. Abin da na ji in fassara, abin da ban ji ba in ƙaga, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

Gidan bidiyon rumfar kwano ce da aka kewaye da zana. Benci-benci, tele ɗaya, bidiyo ɗaya wanda mai gidan ke lulluɓewa da tawul kamar jariri. Masu kallonmu ƴan kabu-kabu ne, da masu sayar da asansi, wato fetur, a kwalba, da masu dakon buhu a kasuwar hatsi. Mai gidan ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya: ba ya jin maganar mutum guda, sai ta taro.

A cikin kasusuwansa akwai wani fim na ƴan Sin da aka kawo daga Yamai. Ba wanda ya damu da sunansa, mu dai marasa mutuwa muke ce masa. Mutum biyu ne suka koyi takobi wurin malami ɗaya a kan dutse, suka sha wani abu a ƙoƙo, mutuwa ta daina ganinsu. Ɗaya farar riga, ɗaya baƙa. Duk inda suka haɗu sai faɗa. A soke wannan ya faɗi, jim kaɗan ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Matansu su tsufa su mutu, garuruwa su rushe a gina wasu, su suna nan yadda suke. A ƙarshe suka haɗu a kan wata gada, ruwa na ruri a ƙasa. Mai baƙar riga ya zare takobi, mai farar riga ya buɗe baki zai yi magana, ni ma na buɗe nawa zan fassara. Sai kuran ya ɗauke.

Wannan ita ce ranar farko da aka sa shi, kuma wutar ba ta dawo ba har kowa ya watse. Washegari aka yi babban mitin na siyasa a gari, lokacin yaƙin neman zaɓe. Surukin mai gidan yana da kyamara irin ta kafaɗa, wadda ke cin kaset iri ɗaya da na bidiyo. Nasa ya cika, ya shigo da gudu, ya zari na farko da hannunsa ya kai, ya liƙe ramin bayansa da salatif don a iya ɗaukar hoto a kansa, ya koma filin. Kaset ɗin kuwa na marasa mutuwa ne, yana nan inda wuta ta bar shi, a kan gada.

Tun daga ranar haka fim ɗin ya zama. Mai farar riga ya buɗe baki, hoto ya yi rawa, sai ga kalangu da guɗa da wani mai babbar riga yana alƙawarin rijiyoyi. An zagi surukin nan har ya daina bin layinmu. Amma abin mamaki, ba fim ɗin da aka fi nema kamarsa. Tunda ba wanda ya ga ƙarshen, kowa ya zama malami.

Ƴan kabu-kabu suka rabu biyu, ƴan fara da ƴan baƙa, kuma in ka lura da kyau rabuwar ba ta da nisa da yadda suka rabu a zaɓe. Akwai wani saurayi mai ɗan gemu da ke cewa fim ɗin saɓo ne daga farko har ƙarshe, don ba mai dawwama sai Allah. Gaskiyarsa, amma bai taɓa fashi ba. A bakin ƙofa yake zama, ƙafa ɗaya a waje. Akwai kuma wani tsoho mai gadin sito da ke zuwa daga Tsibiri a kan keke. Shi bai ga abin gardama ba.

"Tauri ne," in ji shi. "Kakana shina da shi. An sare shi da takobi gaban mutane, takobin ne ya lanƙwashe."

Aka ce to ina kakan yanzu?

"Zazzaɓi ya ɗauke shi. Su ma waɗanga ku bari damina ta kama su."

Ni ra'ayina mai baƙar riga zai ci, don ya fi zafin nama, kuma na fi jin daɗin yin muryarsa. Abokina kuwa ya ce ba wanda zai ci.

Abokin nan nawa ɗan Jiratawa ne. Tun muna lakwal, ƴan makaranta, muke ɗaki ɗaya a Maraɗi, shi ya bar karatu ya kama kabu-kabu da moton wani. Mutum ne mai rainin hankali, ba ya ɗaukar komai da zafi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Muna cin tuwo a kwano ɗaya ya ce, "Kai mai fassara, ba ka gane fim ɗin ba. Ba kashe juna suke so ba. Duk duniya ba wanda ya san kowannensu yana yaro sai ɗayan. In ya kashe shi, wa zai gaya wa labarin dutsen?"

Na ce masa wannan shirme ne, mutum ba ya neman ɗan'uwansa da takobi don ya yi hira. Ya ce ai ga mu nan, ya janye naman da ke gabana.

Shi ba ya tashi in mitin ya fito, don yana ciki. Bayan mai babbar riga ya yi alƙawarinsa, kyamara takan juya ta bi taron, sai ga shi tsaye a kan sirdin moto, ya ba ɗan siyasar baya, yana shan rake. Ya hango kyamara. Ya ɗaga karan raken sama irin yadda mai baƙar riga ke ɗaga takobi, ya murtuke fuska, dariya ta ƙwace masa, ya faɗi wata magana da kalangu ya cinye, ya dira ƙasa ya fita daga hoton. Shi ke nan. In ka sunkuya gyara takalmi ya wuce ka. Duk ranar da aka sa fim ɗin sai ya miƙe ya ce, "Ga ƙarshen nan, ni na ci." A jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Da darajar kuɗi ta faɗi, mai moton ya karɓe abinsa. Abokina ya yi dako, ya yi tallar asansi, ya yi zaman banza. Wata safiya ya naɗe tabarmarsa ya ce zai yi arewa, ta Agadas, in Allah ya yarda har Libiya. Na raka shi tasha ina ta masifa, shi yana ta dariya. Saƙo ɗaya ya zo daga Agadas a bakin wani direba, wai yana lafiya, in kula masa da rediyonsa. Daga nan shiru. Wani ya ce an gan shi yana gini. Wani ya ce motar da suka hau ta ɓata a hamada. Ba a yi zaman makoki ba, tunda ba wanda ya ce ya mutu. Ba a kuma jira shi a tasha ba.

Ɗakin ya yi mini faɗi. Na riƙa sayen tuwon mutum biyu ba tare da na lura ba, sai na buɗe kwano. Ba shi da hoto ko ɗaya a wurina, wanda ke jikin katinsa ya tafi da shi. Abin da ya rage shi ne ɗan guntun nan na cikin kaset. Da an kai gada, mitin ya fito, mutane sun fara tsaki suna tashi, sai in ce wa mai gidan ya bari tukuna. Ya bari. In zauna ni kaɗai tsakanin benci, in jira kyamara ta juyo. Ina jin kewarsa har cikin ƙashina, kuma ba wanda zan gaya wa, don wanda nake gaya wa irin wannan shi ne ba ya nan.

Masu kallo suka canza. Tsofaffin ƴan kabu-kabu suka watse, wasu Najeriya, wasu Kwatano, sababbi suka zo waɗanda ba su taɓa saninsa ba. Su a wurinsu wani sakarai ne mai rake da ya tare musu ƙarshen fim. Sai wata rana wani direba ya zo da labarin cewa a Yamai akwai mai shagon da ke da fim ɗin cikakke, in an kai masa kaset zai sake ɗora shi daga farko har ƙarshe. Sabon kaset a lokacin ya fi ƙarfin kowa, a kan tsoho ake ɗora komai. Wato a kan namu za a ɗora.

Na sami mai gidan yana goge bidiyonsa, na ce masa kada ya yi. Ya san dalilina, ya kau da kai. Ya ce, "Yanzu dimokuraɗiyya ake. A tambayi jama'a."

A shekarun nan ko wurin da za a ajiye randa sai an kaɗa ƙuri'a. Bayan la'asar, da rumfa ta cika, ya tsaya gaban tele ya ce mai son a gyara fim ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi har da na mai gemun bakin ƙofa, wanda ke cewa saɓo ne. Ya ce wanda ba ya so fa? Na ɗaga nawa. Na waiwaya, tsohon Tsibiri ya ɗaga nasa rabi, yana kallon ƙasa. Aka yi dariya. Wani ya ce mai fassara na tsoron a gane ƙaryarsa. Na gaya masa maganar da ba zan rubuta a nan ba, aka shiga tsakani. Mai gidan ya ce direban zai koma Yamai ranar Juma'a.

Na san gidan wani Alhaji mai fataucin yadi da ke da bidiyo biyu, da za a iya kwafe guntun a wani abu. Na je. Mai gadi ya ce Alhaji ya yi tafiya da makullin falon, in dawo gobe. Goben ma haka. Sai na ce to ko ba komai mahaifiyarsa ta gan shi kafin a shafe.

Na hau moto zuwa Jiratawa. Na same ta a fadama, cikin zogale, tana tsinka tana zubawa a kwando. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi gari, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi zafi. Shi kaɗai ba ta tambaya ba. Ɗanta ne na fari, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya zo gida, ƙanwarsa take ba abinci ta miƙa masa. "Abokinka" take ce masa, ko "wancan".

Na ce, "Inna, akwai hotonsa mai motsi a wurin aikina. Yana dariya a ciki. Za a shafe shi ranar Juma'a. Na zo in ɗauke ki ki gani, da rana, ba kowa."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Mi zan gani a wurin wancan? Ban san kamarshi ba?"

Akwai mata biyu a ɗaya kunyar zogalen, sun daina tsinka suna saurare. Na gan su, amma haushi ya rufe mini ido. Na ce, "Inna, in an shafe shi ba ya dawowa."

"Ka ji yaro. Ni da furfurata in tahi gidan kallo don abokinka? Mutane su ce mi?" Ta cika mini leda da zogale ta ce in kai wa mutanen gidanmu. Na dawo Maraɗi ina jin kamar in jefar da ledar a hanya. A lokacin na ɗauka zuciyarta dutse ce.

Ranar Alhamis da rana, kafin a buɗe, mai gidan ya sa mini kaset ɗin ya fita ya ba ni wuri. Na maida shi baya na kalla, na sake maidawa, har na haddace komai: rigar da ke jikinsa, ɓawon rake a gefen bakinsa, hannun da ya riƙe kan moton da shi. Na yi ta kallon leɓensa ko zan gane abin da ya ce. Ni da nake ƙaga wa ƴan Sin magana kullum, na kasa. Da safe direba ya tafi da kaset a aljihun gaban mota.

Ranar da ya dawo, rumfa ta cika har ana leƙe ta zana. Na zauna a gefen tele na yi aikina. Aka kai gada. Mai farar riga ya buɗe baki, hoto bai yi rawa ba. Ya yi magana mai tsawo a kan wata da ruwa, na fassara yadda na iya. Suka yi faɗa, gadar ta karye, wani haske ya sauko daga sama, su biyun suka zama tsuntsaye suka tashi. Rubutu ya fara hawa.

Can wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Tsuntsaye?"

Wani ya ce, "Duk shekarun nan tsuntsaye muke jira?"

Ƴan fara ba su ci ba, ƴan baƙa ba su ci ba. Mai gemu ya ce ai ya faɗa, ya fitar da ƙafarsa ta biyu waje. Tsohon Tsibiri ya tashi yana ɗaure bakin wandonsa don hawan keke, ya ce, "Gara mitin ɗin." Aka yi dariya, aka ce wallahi gara mitin ɗin, ko ba komai akwai mai raken nan. Ina zaune ina jin su. Daga ranar ba wanda ya sake neman fim ɗin. Gardama ta ƙare, kaset ya koma can ƙasan kwali.

Bayan wasu makonni, da hantsi, ina share tsakanin benci, na ji sallama a bakin zana. Muryar mace. Mata ba sa zuwa wurin, don haka na fito da tsintsiya a hannu. Inna ce. Ta sa zane mai kyau, ga kwandon zogale a kanta wanda ko rabi ba a sayar ba, alhali kasuwa ba ta wannan hanyar take ba.

Ta ce, "Talla na kawo, na ce in biyo in sha ruwa."

Na shigar da ita, na ba ta ruwa. Ta zauna a bakin benci na gaba, ta duba hagu da dama, ta tabbata ba kowa. Sannan ta dubi tele.

"Wannan ne akwatin?"

Na ce shi ne.

"To kunna. Ba daɗewa zan yi ba."

Na tsaya da kofin a hannu. Na ce, "Inna, an shafe."

Ta gyara bakin mayafinta, ta sake gyarawa. Telen a kashe yake, ba abin da ke cikinsa sai mu biyu da hasken ƙofa.

Can ta ce, "An ce kai ne ke faɗa ma mutane abin da ke ciki."

Na ce ni ne.

"To faɗa."

Na jawo kujerata ta gefen tele na zauna inda na saba. Na ce ga taro, ga kalangu, ga rana tsaka. Na ce kyamara ta juyo, ga shi a tsaye bisa moto, ya fi kowa tsawo. Rigarsa shuɗiya ce mai gajeren hannu, aljihun ya ɗan yage. Ta ce, "Ba ta yage ba sad da ta bar gida." Na ce yana shan rake, kumatunsa a cike, bai rame ba. Na ɗaga tsintsiyar na nuna mata yadda ya ɗaga karan, da yadda ya murtuke fuska, da yadda dariya ta ƙwace masa. Duk wannan idonta na kan baƙin gilashin, ba ta ɗauke ba. Ban taɓa ganin ta dube shi haka ba yana nan.

Ta ce, "Ya yi magana?"

Na ce ya yi, amma ganga ta rufe, ban ji ba. Wannan karon ban ƙaga ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Da takalmi a ƙafarshi?"

Na yi tunani, na maida hoton baya a kaina, na sake maidawa. Na ce, "Hoton bai kai ƙafa ba, Inna."

Ta miƙe, na taimaka mata ta ɗora kwandon. Sai da ta kai bakin zana ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Na kirkin yana gida. Ina shafa mishi mai kada fatar ta tsage."